Wai rawar TikTok ce ta tara wa Funke Akindele biliyan? Haba dai

Tun da fim ɗin Everybody Loves Jenifa ya zarce kuɗin da A Tribe Called Judah ya tara a silima, wato jaruma kuma furodusar finafinan Kudu Funke Akindele ta sake karya tarihin da ita da kanta ta kafa, sai wata magana ta riƙa yawo a Facebook da X, wai ai matar nan ba fim take sayarwa ba rawa take sayarwa. Wai in ba don bidiyoyin da take sakawa ita da 'yan wasanta sun sa riga iri ɗaya suna tiƙar rawa ba, da babu wanda zai taka zuwa silima. Maganar nan wallahi tana ba ni haushi, musamman da yake har masu kiran kansu masana fim suna maimaita ta kamar wani karatu suka gano.

To in dai rawa ce sirrin, wa aka hana rawa? Duk Disamba kusan kowane furodusa a Legas rawar yake, wasu ma sun fi ta iyawa nesa ba kusa ba, amma su nawa ne suka tara biliyan? Mutum zai iya kallon rawarka kyauta a waya ya yi dariya ya wuce, amma ya ciro kuɗin tikiti a wannan tsadar, ya biya kuɗin mota, ya ja matarsa da yara, har wani ya koma ya sake kallo, wannan kam sai da yarda, kuma yardar nan ba a dare ɗaya ta same ta ba.

Masu wannan surutu da yawansu ba su ma san inda ta faro ba. A 1998 ta fara fitowa a wani shirin talabijin mai suna I Need to Know wanda asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki nauyi, tana 'yar makaranta Bisi, aka yi ta nunawa har 2002. Da shirin ya ƙare ba wai ƙofofi suka buɗe mata ba, finafinan Turanci na lokacin ba su wani dame da ita ba, sai ta koma finafinan Yarbanci da 'yan gayu ke rainawa. A can ta koyi aikin tun daga tushe, rubuta labari, haɗa kuɗi, mu'amala da 'yan kasuwar kaset na Idumota a Legas, kuma a can ne a 2008 ta fitar da Jenifa, labarin Suliat 'yar ƙauye da ta shigo jami'a a birni ta canza suna tana ta kwaɓa Turanci don a ce ita ma wayayyiya ce, a ƙarshe rawar kai ta kai ta ga cutar ƙanjamau. A 2009 ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a gasar finafinan Afirka ta AMAA da wannan fim ɗin, fim ɗin Yarbanci fa, ba TikTok ba Instagram a lokacin.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta saki Jenifa ba. A 2015 ta mayar da ita shiri mai dogon zango, Jenifa's Diary, shekara da shekaru yana shiga falon mutane, yaran da suka tashi suna kwaikwayon maganar Jenifa su ne yanzu suke da albashi suke sayen tikiti. Saboda haka layin da aka gani a silima a Disambar 2024 da Everybody Loves Jenifa ya fito an fara jera shi ne tun 2008. Tsakanin nan ga Omo Ghetto: The Saga a 2020 da ya ture The Wedding Party daga kan gaba wajen tara kuɗi ana tsakiyar korona, ga Battle on Buka Street a 2022, sannan A Tribe Called Judah a ƙarshen 2023, fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a silima. Sau huɗu a jere a ce duk sa'a ce da rawa?

Kuma ku duba lissafin da ke cikin Judah ɗin. Uwa ɗaya da 'ya'ya maza biyar kowa da ubansa kowa da ƙabilarsa, har da Adamu Bahaushe wanda Uzee Usman ya fito a matsayinsa, uwar ta kamu da ciwon ƙoda babu kuɗin wankin ƙoda, yaran suka shirya sata. Wane ɗan Najeriya ne bai san zafin kuɗin asibiti ba? Wannan ƙwaƙwalwar furodusa ce da ta san masu kallonta, ta san abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya.

Akwai masu cewa ai darajar naira ce ta faɗi tikiti ya yi tsada shi ya sa lambar ta kumbura, to faɗuwar nairar ita kaɗai ta sama? Akwai kuma masu cewa finafinanta hayaniya ce ba fasaha ba, su je su yi mai fasahar mu ga ko dangin darakta za su cika layi ɗaya. Masu tuno mata kayen da ta sha a 2023 da ta tsaya mataimakiyar gwamnan Legas a PDP kuwa, su ne ma suka fi ba ni hujja, domin in da farin jinin soshiyal midiya na jan mutane ko'ina da ƙuri'a ta ja, amma na uku suka zo, sai ga shi cikin shekarar ta koma sana'arta ta kafa tarihi.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, abin da ya raba Funke da sa'o'inta shi ne fim ɗin nata ne. Jaruma komai kyanta komai iyawarta in dai kiranta ake a lokeshan a sallame ta, ranar da fuska ta fara tsufa wayar za ta daina ƙara. Mu nan ai mun gani, ba a manta hirar Ladin Cima da BBC Hausa a 2022 ba, dattijuwar da ta shafe shekaru a harkar tana cewa dubu biyu zuwa biyar ake ba ta, aka yi ta cacar baki wasu furodusoshi suna musantawa, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi me ya sa mace za ta tsufa a Kannywood ba ta mallaki ko fim ɗaya da zai riƙa kawo mata kuɗi ba. Rahama Sadau da Nafisa Abdullahi da wasu sun gwada shirya nasu, amma da zarar mace ta ce ita ce furodusa sai a fara tambayar wa ya ba ta kuɗin.

Ni dai ina ganin ƙungiyoyin 'yan fim, na Kudu da na Arewa, su daina ɓata lokaci kan wa ya yi rawa wa bai yi ba, su zauna su fito da tsarin da jaruma za ta riƙa samun kaso a fim maimakon sallama, bankuna kuma su ba matan nan rance. Masu jin haushin rawar kuwa Disamba na nan tafe, silima a buɗe take, kowa ya kawo nasa.