Malaman firamare, a fito da mutanen da daga kogo haka nan

In darasi ya zo kan zamanin dutse, hoto ɗaya ake nuna wa yaranmu: wani ƙato mai buzu-buzun gashi, ɗaure da fata, riƙe da kulki a bakin kogo. Yaro ya haddace "mutanen da a kogo suke kwana", ya ci jarrabawa, ya tashi yana ganin mutanen farko dolaye ne. Ni dai wannan karatu bai kwanta mini ba.

Maganar ma rabin gaskiya ce. An zauna a kogo, ba musu. Amma mafi yawan mutane bukkokin itace da ciyawa da fata suka yi, waɗanda gara da ruwan sama suka cinye tuntuni. Kogo shi ke adana toka da ƙasusuwa da makamai, shi ya sa masu tonon kayan tarihi suka fi dacewa a can. Ɗan aji huɗu zai gane wannan sarai, balle in ya taɓa ganin yadda ruga ke zama fili bayan makiyaya sun tashi.

Abin haushin, ga misalai a ƙofar gida mun tsallake su. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Duk Afirka ba a samu wanda ya girme shi ba. Ka tambayi yara: da me aka fafe wannan itace alhali ba ƙarfe? Kuma me ya kai kwalekwale wurin da yau rani ke ƙona shi? Daga nan ka shigar musu da labarin lokacin da Tafkin Chadi ya ninka na yanzu sau da yawa, Sahara kuma tana da ciyawa, har mutane suka sassaƙa raƙumin dawa mai tsayin fiye da mita 5 a jikin dutsen Dabous, arewa da Agadas. Ga zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, ga gumakan yumɓu na Nok.

Za a ce ina kuɗin motar kai yara. Gaskiya ne, wata makarantar ko alli sai malami ya saya. To amma kara da ciyawa da laka ba a saye. A raba yara rukuni-rukuni, kowanne ya gina 'yar bukka, a kwara mata ruwa a ga wadda za ta yi yoyo. A nemo gatarin aradu, wato gatarin dutse na mutanen da, wurin manoma, yara su taɓa kaifinsa su ji cewa hannun mutum ne ya wasa shi.

Ban ɗora wa malami laifin duka ba. Wanda ya gama kwalejin ilimi bai taɓa jin sunan Dufuna ba, me zai faɗa wa yara? Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta buga manyan hotunan wuraren nan da bayani cikin Hausa, a raba wa makarantu a manna a bango.