Kafin Ka Ce Azaba Ce

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Da zarar an ce an yi girgizar ƙasa a Indonesiya, sai ka ga wasu sun yi caraf sun yanke hukunci, wai fushin Allah ne ya sauka a kansu. Mu ji tsoron Allah, mu iya bakinmu.

Indonesiya tsibirai ce sama da 17,000, kuma tana sahun gaba a yawan Musulmi a duniya. Duk wanda ya sauke farali ya gan su a Harami, a jere, cikin natsuwa. Allah cikin hikimarsa Ya ajiye ƙasarsu a mahaɗar manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa. A yamma da tsibirin Sumatra, can ƙarƙashin teku, wani ɓangare yana kutsawa ƙarƙashin wani, 'yan santimita kaɗan a shekara. Sai ya maƙale, ƙarfi ya yi ta taruwa shekaru aru-aru, rana ɗaya ya suɓuce. Abin da ya faru ke nan da safiyar 26 ga Disamba 2004. Girgizar ta kai maki 9.1, teku ya taso ya hau tudu, mutane wajen 230,000 suka rasu a ƙasashe fiye da goma. Mafi yawansu 'yan lardin Aceh da ke tsibirin Sumatra ne, wurin da ake yi wa kirari da Zauren Makka saboda riƙon addininsu.

A kan tudun Sumatra ma akwai wata tsaga a ɓawon ƙasa da ta ratsa tsibirin, kimanin kilomita 1,900. A tsibirin Sulawesi kuwa, tsagar Palu-Koro ta bi ta ƙarƙashin birnin Palu ne. Ranar Juma'a 28 ga Satumba 2018, dab da magariba, ta motsa. A unguwannin Petobo da Balaroa ƙasa ta narke kamar kunu, ta kwashe gidaje tana tafiya da su, ta haɗiye wasu da mutanen ciki. An rasa rayuka sama da 4,000. Lokacin da mutane ke alwala ne, wasu suna hanyar masallaci. To kai wa ya buɗe maka littafin ayyukansu har ka san azaba ce? Manzon Allah (SAW), a hadisin Bukhari da Muslim, ya lissafa wanda ya nutse a ruwa da wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai. Wanda Annabi ya yi wa wannan albishir, da wane baki za ka yi masa dariyar ƙeta?

In darasi muke nema, ga shi a tsibirin Simeulue, kusa da inda girgizar 2004 ta taso. A 1907 teku ya taɓa cinye musu mutane da yawa. Waɗanda suka tsira ba su ce "ƙaddara ce" suka ja bakinsu suka yi shiru ba. Sun sa abin cikin waƙa da labari, kaka tana gaya wa jika: in ƙasa ta girgiza, ka ga ruwan teku ya janye, kada ka tsaya ɗaukar komai, ka hau dutse. Bayan kusan shekara ɗari ranar ta zo. A wasu gaɓoɓin, mutane gangarawa suka yi tsintar kifi da suka ga ruwa ya janye. Mutanen Simeulue kuwa suka goya yara suka yi kan tsauni. Cikin mutane sama da 70,000, waɗanda suka rasu ba su kai goma ba. Su ma Musulmi ne, sun yi imani da ƙaddara, amma sun ɗaure raƙuminsu kafin su dogara, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci wani mai raƙumi.

Masana sun zana taswirar waɗannan tsagogi, sun san ta inda kowace ta bi, har da ta Lembang da ke kusa da birnin Bandung mai miliyoyin jama'a. Ranar da za ta motsa ce har yau babu na'urar da ta iya faɗa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya karɓi shahadarsu, Ya tsare na raye. Amin.