Kabaid daban, maganin fesawa daban

Wani rahoto ya ce duk maganin da ake sa wa amfanin gona don ya yi saurin girma ko nuna guba ne. Malam mai rahoto, ka yi musu kuɗin goro. Kabaid ɗin masu walda, wanda wasu 'yan kasuwa ke ƙunshewa a takarda su cusa cikin kwandon mangwaro ko ayaba, shi ne NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta hana, don yana tafe da gurɓin arsenik da fosfarus. Za ka ga ɓawon ayaba ya yi rawaya gwanin sha'awa, ka ɓare ka ji bauri, zaƙi ko kaɗan babu.

Ethephon kuwa, wato maganin da ake fesa wa tumatir don ya nuna, iskar etilin yake saki, irin wadda tumatir da kansa ke fitarwa in zai nuna. Matsalarsa a hannunmu take. Mai lambu a Ajiwa ko Jibiya a jihar Katsina zai sayi kwalba, bayanin jikinta duk da Turanci, ya auna da murfi yadda ya ga dama, yau ya fesa gobe ya tsinke don motar Legas na jira. Kwanakin nan da aka ce a dakata kafin ɗiba su ne ke rage ragowar magani, su kuma ake tsallakewa. In maganin ya zarce ƙima ma ganye ya zube, tumatir ya ruɓe a hanya, asara tasa.

Malaman gona na KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Katsina, su sauko fadama su yi bayani da Hausa mana. Shi kansa mai shagon maganin sau da yawa bai karanta bayanin jikin kwalbar ba.