Kwikwiyon da ka ɗauko amana ne a wuyanka

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya, mu mutanen karkara. Muna ɗauko kwikwiyo don gadin gida da garke, ko don farauta. Amma ranar da babur ya take masa ƙafa, sai ka ji an ce "ai kare ne", a kai shi bayan gari a yar. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

A ƙauyenmu, can wajen Ringim, kwikwiyon wani yaro maƙwabcinmu ya karye, ƙashi har ya huda fata. Yaron ya ƙi cin tuwo, ya zauna a zaure yana kore masa ƙuda da mafici, manya na yi masa dariya. Ya ce, "Baba, don Allah kada a yar da shi." Uban ya auni riɗi ya sayar, suka nufi likitan dabbobi. Ni a wurina wannan uban ya yi tarbiyya, don tausayin da ke zuciyar yaro ba abin kashewa ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma shari'a ta halatta riƙe kare don farauta, kiwo da gona. To, ina abin kunyar?

Na san kuɗi ne matsalar, ga nisa. Amma karayar da ta buɗe ba aikin ɗori ba ce, ruɓewa take yi. A fara da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. In aikin ya fi ƙarfinsu, akwai Kano, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A tambayi kuɗin tun kafin a taɓa shi, da awa nawa za a hana shi abinci kafin allurar barci, don ƙaramin kwikwiyo ba ya jure doguwar yunwa.

Wahalar ma tana bayan tiyata. Zai so ya lashe ɗinkin, sai a yanka kwali a zagaye masa wuya. A ajiye shi a inuwa mai tsabta, nesa da ƙuda, kada tsutsa ta shiga. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Kuma ina roƙonku, kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac na kyamis, suna lalata masa ciki da ƙoda. In ya wuce wata 3 da haihuwa, a tambayi likitan batun rigakafin ciwon haukan kare, tunda yaranmu ne ke wasa da shi.