Rahoton da Ya Haihu Uku

A shekarar 1994 aka kawo mana kwamfuta mai Windows 3.1 a ofis, kuma da yake ni ne akawun da ya fi kowa daɗewa yana buga takardu da WordPerfect a kan DOS, sai aka ɗauka babu abin da zai gagare ni. Ni ma haka na ɗauka. A DOS manhaja ɗaya ce take cika allo, sai ka rufe ta sannan ka buɗe wata, amma wannan sabuwar tana buɗe tagogi da dama a lokaci guda, wata a bayan wata, abin da ban tsaya na tambaya ba saboda girman kai.

Ranar wata Alhamis ina buga rahoton kuɗi mai shafi shida a Write, manhajar rubutu ta Windows, na kusa gamawa, sai linzami ya zame mini na danna wani ɗan ƙaramin kan kibiya mai kallon ƙasa a kusurwar dama ta sama. Rahoto ya yi ɓatan dabo. Na yi salati, na leƙa bayan kwamfutar kamar zan same shi a can, sannan na sake buɗe Write na fara daga farko. Da na gama, sai bincike ya motsa mini, na ce bari in gano abin da ya cinye na farkon, na sake danna wurin nan da hannuna. Na biyu ma ya bi sahu. Na ukun kuwa bayan La'asar na kammala shi, ina harar masinja, wanda na tabbata ya taɓa wata waya lokacin da yake shara.

Wata ɗaliba da ta zo sanin makamar aiki ce ta ga ina gumi, ta ce, "Baba, a ba ni wuri kaɗan." Ta danna Ctrl da Esc, sai ga jerin manhajojin da suke aiki, Write har sau uku. Ashe rahotannin sun ƙanƙance ne sun koma 'yan ƙananan hotuna a gindin allo, Program Manager, babbar tagar da ake buɗe manhajoji daga cikinta, ya rufe su, suna zaune lafiya lau tun safe.

Murnata ba ta daɗe ba, domin da shugabanmu ya sa aka buga dukkansu a takarda, jimillar kuɗin kowanne daban ta fito. Ya jera su a kan tebur, ya ce, "Malam, wanne ne na gaskiya?" Na ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa Litinin."