Yadda aka raba ni da hulata aka ɗaura min zani a Fiji

Jama'a duk wanda yace muku Fiji nan kusa ce ku ce masa ya ji tsoron Allah. Wurin aiki ne suka tura ni bita kan noman rake, da na ji ance fasfo ɗinmu na Najeriya baya buƙatar biza kafin a shiga ƙasar sai murna ta kama ni, ashe wahalar tana cikin jirgi, ka sauka nan ka hau can ka kwana a kujera har ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga. Kuma suna gabanmu da awa 11, lokacin da muka sauka a Nadi sai da na zauna da biro da takarda ina lissafin sallolin da ake bina.

Ƙasar dai tsibirai ne sama da 300 a tsakiyar tekun Pasifik, mafi yawansu ba kowa a ciki sai bishiyar kwakwa. Babban cikinsu shi ne Viti Levu, a nan Suva babban birni yake, a nan kuma Lautoka take inda masana'antar sukari take, can muka yi bitar. Indiyawa birjik, Turawan Ingila ne suka kwaso kakanninsu aikin rake daga 1879 zuwa 1916, aka ba ƙasar 'yanci a 1970 su kuma jikokin suka yi zamansu. Cikinsu akwai Musulmi da masallatansu, shi yasa ban sha wahalar nama ba. Ɗaya daga cikinsu ne ma, abokin bitarmu, ya ja min duk abin da ya same ni, don shi yace ranar Asabar sai ya kai ni ƙauye na ga asalin mutanen ƙasar.

Na ci ado abina, shadda fara sol, na kafa zanna bukar. Muka biya kasuwa ya sa na sayi wasu busassun saiwoyi an naɗe su da jarida, wai yaƙona, wasu na ce mata kaba, ita ce gaisuwar da baƙo ke kai wa mai gari kafin a bar shi ya shiga. Nace ba goro ba turare, saiwa? Yace saiwa.

Ƙauyen sai an hau kwale-kwale. Da muka iso gaɓa mai tuƙin yace na sauka ruwan bai da zurfi, to shi dogo ne, ni kuma Allah bai yi ni da tsawo ba, na zurma har ƙugu cikin taɓo. Ina fitowa ina salati abokin nawa yace yauwa Malam cire hular. Nace wace hular? Yace a ƙauyen nan sa hula raini ne ga mai gari. Ni da ko surukaina basu taɓa ganin tsakiyar kaina ba, sanƙon da na shekara da shekaru ina rufa wa asiri, yau gashi a rana yana sheƙi yara sun zagaye ni suna Bula! Bula! wato sannu a yarensu, suna dariya.

Ban gama da wannan ba wata dattijuwa ta dubi wandona tace ba za a zauna gaban mai gari da wannan taɓon ba, ta miƙo min zani. Zani fa, mai furanni ja da ruwan ɗorawa. Sulu suke ce masa kuma wallahi a can maza ne ke ɗaura shi, 'yan sanda ma a faretinsu fari suke ɗaurawa, manya na haɗa shi da kwat da nakatayel su tafi coci. Duk na ga wannan da idona amma da aka zo kaina sai da na waiga ko akwai ɗan garinmu a kusa.

Aka zauna a tabarma an tanƙwashe ƙafa, aka kawo wani ƙaton akushi aka jiƙa dakakkiyar saiwar aka tace, ruwan ya fito kamar na kududdufi bayan an ɗauke ruwan sama. Na raɗa wa abokina nace ɗan'uwa tsakaninka da Allah ba giya bace? Yace babu barasa ko ɗigo. Ƙa'idar ita ce ka tafa sau ɗaya, ka karɓi ƙoƙon kwakwa, ka shanye a tashi ɗaya, ka tafa sau uku. Na yi bisimilla na kafa kai. Ƙasa-ƙasa, ɗaci-ɗaci, kafin na gama tafin leɓena ya mutu harshe ya yi nauyi, kuma da suka ga na shanye tas sai suka ɗauka daɗi na ji, aka sake cikowa.

Ana haka akace baƙo daga Afirka ya yi jawabin godiya. Ni kuma tarbiyyar gida, ba a yi wa manya jawabi a zaune, na miƙe zumbur. Ashe a wurinsu ba a tsayawa a kan mai gari yana zaune, abin kunya ne babba. Abokina ya kai hannu da sauri zai jawo ni ƙasa, bai kama ko'ina ba sai bakin zanin.

Allah ya so ni rigar doguwa ce. Na durƙushe na cafke zani da hannu ɗaya, na fara jawabi da mataccen harshe, ni kaina ban fahimci yaren da nake yi ba, mai gari dai yana ta gyaɗa kai hawaye na zubo masa don dariya.

Abincin kuwa a rami suka dafa shi, lovo, an gasa duwatsu an jera kaza da kifi da rogo da gwaza an rufe da ganyen ayaba. Kowa na santi, ni ban ji ɗanɗanon komai ba, har na share kwano guda na wani abu fari mai romo, sai daga baya akace min ɗanyen kifi ne da lemon tsami da madarar kwakwa.

Mun dawo masauki da dare na buɗe waya, ashe bawan Allahn nan ya turo min hotuna a WhatsApp, ni kuma da guntun kaba a kaina na tura su gurup ɗin gidanmu a maimakon na ajiye. Saƙo ya fi ƙarfin karantawa, ƙanina har ya mayar da ni sitika. Uwargida ita bata rubuta komai ba, kira ta yi.

Tace Baban Ummi, zanin waye wannan?

Na fara bayanin al'ada da 'yan sanda da coci, tace ita duk bata tambaye ni wannan ba, in zan dawo na taho mata da turmi biyu irinsa, kuma ɗaurin hagu na yi, ba haka ake yi ba.