Attajiran bogi a titin Nima

Ana saura 'yan makonni zaɓen Gana na 7 ga Disambar 2024, wasu samari suka tsayar da titin unguwar Nima cak, ba su ɗauki ko tsinke ba. Na fito daga shago zan tari trotro, wato bas ɗin hayar nan Accra, sai ga su tafe. Na gaba ya sha babbar riga, ya cusa matashin kai a ciki har tumbi yana rinjayarsa, ga baƙin tabarau, ga yaro yana riƙe masa lema alhali la'asar ta yi sanyi. Na kusa da shi ya yafa kente irin na sarakunan Asante, da sarƙar murafen kwalba a wuya. Sun yanka takardu daidai girman sidi 100, kuɗin Gana, suna watsa wa jama'a suna cewa, "Ku zaɓe mu mu ƙara ƙiba!" A kwalin da ɗayansu ya ɗaga an rubuta farashin ƙuri'a: mudun shinkafa da turmin atamfa. Wata Hajiya mai sayar da waakye, shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi, ta ajiye ludayi ta miƙa hannu. "Alhaji, nawa biyu ne fa, har da na maigida." Titi ya kece da dariya. 'Yan sanda biyu suna gefe suna ba motoci hannu, babu wanda ya taɓa kowa.

Na yi dariya kamar kowa, amma da na hau mota raina a jagule yake.

Abin da samarin ke yi wa shaguɓe gaskiya ne. Cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta CDD-Ghana ta taɓa ƙiyasta cewa neman kujerar majalisa a nan kan ci kusan sidi miliyan 4, tun daga sallamar daliget a zaɓen fid da gwani. 'Yan Gana ma kuɗi ya cinye musu siyasa, kuma ban ce Gana aljanna ba ce. A Satumbar 2023 an kama masu zanga-zanga 49 da suka nufi fadar shugaban ƙasa, Jubilee House, wadda suka laƙaba wa suna Julorbi, wato ɗan ɓarawo a harshen Ga. Amma washegari jama'a suka sake fitowa, jibi ma haka, sunan kuma ya zauna a bakin mutane.

Mu fa a Najeriya? A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC kaɗai naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40. Zancen taliya da sabulu ranar zaɓe ba sai na faɗa muku ba. Da yunwa ta fito da mutane a Agustan 2024, abin ya ƙare da harbi da fasa shaguna da dokar hana fita a Kano, daga baya muka ga yara ƙanana suna zubewa a gaban kotu a Abuja. Za a ce ai mu muka ja, tunda ɓata-gari sun shiga. Na yarda sun shiga. Sai dai mutumin da ba a bar shi ya yi wa mai kuɗi ba'a a fili ba, ranar da ya fito dutse zai ɗauko.

Wani abokina ɗan unguwar Maamobi a nan Accra ya ce da ni, "Malam, ku can ba ku iya irin wannan ba." Maganar ta sosa ni, don ba gaskiya ba ce. Wa zai koya wa Bahaushe habaici? Mu da muke da 'yan kama, masu kwaikwayon malami da basarake a gabansu su kuma karɓi kyauta. Mu da muke da tashe. Daga goma ga azumi yara su maƙala gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida-gida suna kwaikwayon marowaci da mai kwaɗayi da malalacin miji, maigidan da ake nufi yana zaune a zaure yana dariya. Nalako, sarkin gwaurayen Kano, ya kewaya da kiɗa yana tonon gwauraye, babu wanda ya kai shi ƙara. Ina yaro a unguwarmu na yi alhajin bogi da rigar kakana, jelarta na share ƙasa, wani attajirin layinmu ya gane da shi nake, ya ba ni kwabbai ya ce in sake.

Yanzu kuwa shekarun nan sai ka ji sanarwar 'yan sanda sun hana tashe a Kano saboda 'yan daba da ƙwacen waya. Tsoron da ake ji na gaske ne, ina da 'yan uwa a can. To amma su wa suka rena 'yan daban, suka riƙa ba su kuɗi da ƙwaya lokacin kamfe? Waɗanda suka lalata titin suna nan a gidajensu masu katanga, yaron da zai saka gemun auduga shi aka kora gida. 'Ya'yana a nan aka haife su, duk azumi ina ba su labarin tashe, ina so in kai su su gani da idonsu. Jami'an da ake jerawa mota-mota a bayan ɗan takara ɗaya sun isa su raka 'yan tashen unguwa goma daga bayan asham har su koma gida.